Na ƙara wa RX 580 ɗina gudu, sikirin ya kama ƙifta min ido

Katin da nake magana a kai katin hoto ne na kwamfuta, RX 580 mai 8GB, na hannu, daga Legas aka yo min webil ɗinshi na je tasha a Mando nan Kaduna na karɓo. Sana'ata editin ɗin bidiyon biki da walima, wani lokacin 'yan tallan shaguna da suke sawa a Instagram, da dare kuma in akwai wuta ni da ƙanena mu ɗan taɓa eFootball ko GTA V. Duk wanda ya san katin nan ya san tsoho ne, tun Afrilun 2017 AMD ta fito da shi, amma har gobe shi ne gatan talaka saboda 8GB ɗin nan. Kuma dalilin arahar shi ba ɓoyayye bane, masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum ne suka kwashe su suka jera a ɗaki suna aiki dare da rana, da Ethereum ta bar tsarin haƙa a Satumbar 2022 sai aka zubo su kasuwa tuli, wasu an wanke an canza musu fanka an sa a sabon kwali, kai ka rantse ba a taɓa jona su ba.

Ni dai burina kawai in ɗan matso wani abu daga jikinshi, ko eksifot ya rage min mintuna ko gem ya daina tsaitsayawa in an shiga cikin gari. Manhajoji huɗu na sauke cikin dare da data mai araha, GPU-Z don ganin asalin katin, HWiNFO don ganin zafi da kurakuran memori, MSI Afterburner ta canza gudun kati wadda take zuwa tare da RivaTuner, sai Unigine Heaven ta gwaji. Dukkansu kyauta ne, kuma Afterburner ba sai katinka na MSI ba, kowanne tana ci.

Farkon abin da na duba a GPU-Z layin Shaders ne, wato yawan ƙananan injinan lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar katin. Asalin RX 580 yana da 2304. Akwai wani da ake ce wa 2048SP da aka yi wa kasuwar Chaina, suna ne kawai 580 amma ƙarfinshi na RX 570 ne, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba, RX 580 8GB kawai zai rubuta shikenan. Nawa Alhamdulillah 2304 ya nuna. Amma da na sauko ƙasa wajen Default Clock sai na ga abin da bai kwanta min ba, gudun ƙwaƙwalwar katin 1200, gudun memori kuma 2150. A takardar AMD ƙwaƙwalwa tana tashi daga 1257 zuwa 1340 MHz, memori 2000. To wannan sa hannun masu haƙa ne sak, haƙar Ethereum memori take ci ba ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa suke danne ɗaya don rage cin wuta su ɗaga ɗaya, kuma a cikin bayos ɗin katin, wato 'yar manhajar da ke dashe a jikinshi, suke rubuta shi don kar su riƙa saiti kullum. Sa'ar da na yi katin yana da bayos biyu, akwai wani ɗan mitsitsin makunni a saman gefen allon, sai ka haska tocin waya ma kake ganin shi. Na kashe kwamfuta na zare wayar wuta daga bango, na sa tsinken sakace na ture shi ɗaya ɓangaren. Da na kunna sikirin ya ɗan zo da manyan rubutu na ɗan lokaci kafin Windows ta gane shi, na buɗe GPU-Z, 1366 da 2000. Wannan ɓangaren ba a taɓa shi ba. Nan take na danna 'yar kibiyar da ke kusa da BIOS Version na ajiye kwafin shi a filashi.

Kafin in taɓa komai na bar Heaven ta yi zagayenta a 1080p da komai a sama, fps, wato yawan hotuna a daƙiƙa, 55 da ɗan ɗoriya. Lambar ba ita ta dame ni ba, layin zafi ne. Watan Maris ne, ɗakina rufin kwano, silin ɗin ma sai a hankali, minti goma bai cika ba katin ya kai digiri 85, fankokin suna ihu har daga tsakar gida ana ji, kuma gudun da aka ce 1366 ne na ga yana gangarowa 1300, 1280, ya ɗan hau ya sake saukowa. Ma'ana ko gudun da ya zo da shi daga kamfani ba ya iya riƙewa. Wanda ya ja silaida ya rubuta 1450 a kan irin wannan katin ya yaudari kanshi ne kawai, lambar da ka rubuta roƙo ne, wanda katin yake yi da gaske a giraf ake gani. Masu bidiyon YouTube ɗin nan da suke cewa ja nan ja can, a ɗaki mai esi suke zaune, wasu ma da rigar sanyi, ba su san zafin Tudun Wada da ƙarfe biyun rana ba.

Sai na cire shi na kai wa wani dattijon mai gyaran laftof can wajen Kasuwar Sheikh Gumi, shi yake min duk wani aikin da ya shafi kwance sukurori. Ya juya shi ya leƙa ta tsakanin ƙarafunan sanyaya yace "Malam wannan katin ai ya yi bauta." Nace "Oga shi ya sa na kawo maka, a duba min fes ɗin." Fes shi ne man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya. Sukurori huɗu masu sifirin ne a baya suke riƙe da ƙarfen, ya kwance su a gicciye kaɗan kaɗan, ya zare wayar fanka a hankali da farce. Ƙurar da ke ciki ta dunƙule ta zama shimfiɗa guda, da ɗan hantsaki ya ɗago ta gaba ɗayanta bata ko karye ba, ja-ja haka, rabi ta can inda ya fito rabi ta hunturun da ya yi a ɗakina. Fes ɗin kan ƙwaƙwalwa kuwa ya bushe ya koma kamar ƙanzo, sai da ya jiƙa auduga da sifirit ya yi ta murzawa kafin gilashin ya fito yana sheƙi. 'Yan katifun da ke kan memori guda takwas sun yi mai sun yi laushi, ɗaya ma ta yage, ya auna kaurinsu ya yanko sababbi daidai da su, yace in ka sa masu kauri ƙarfen ba zai zauna a kan ƙwaƙwalwa ba zafi ya fi na da, in ka sa sirara kuma memori bata taɓa komai. Da zai hura buluwa ya danne fankokin da yatsa, wai in ka bar iska ta juya su da ƙarfi bodin ɗinsu yake ci. Na dawo gida na maimaita gwajin nan dai, zafi ya tsaya 73 zuwa 74, gudu ya miƙe a 1366 bai motsa ba, fps ta ƙaru ban taɓa silaida ko ɗaya ba.

Daga nan na fara ainihin aikin. A Afterburner na fara ɗaga Power Limit, nawa yana kaiwa +50, wannan ba ƙara gudu yake ba, izini ne kawai ka ba katin ya ja wuta in yana so. Sai Core Clock, ina ƙara 15 ko 20 in danna Apply in bar Heaven tana juyawa a ƙaramar taga ina kallo. 1400 lafiya lau, 1420 lafiya amma zafi ya koma wajen 80. A 1440 sai 'yan ɗigo masu ƙyalli suka fara fitowa a jikin duwatsun nan na Heaven, kore da ja, can kuma sikirin ya yi baƙi ya dawo Heaven ta rufe kanta. Wannan Windows ce, in katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba sai ta tayar da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, daga farko, in ka shiga Event Viewer za ka ga an rubuta da lamba 4101. Na koma 1410 na bar shi nan. Maɓallin nan na Startup da yake sa saitin ya hau da zarar an kunna kwamfuta ban taɓa shi ba a wannan matakin, don in saitin bai zauna ba kuma ya riƙa hawa da kanshi, sai ka bi ta Safe Mode kafin ka ƙwaci kanka.

Memori ta fi wayo. Ita GDDR5 in an samu kuskure a hanya tsakaninta da ƙwaƙwalwa tana ganewa ta sake turawa, don haka ba lallai ka ga ɗigo ko karashin ba, kawai za ka ga lamba tana hawa amma fps ta tsaya ko ma ta ja baya. A HWiNFO akwai layi mai suna GPU Memory Errors a irin waɗannan katunan, shi na sa wa ido. 2050 sifili, 2100 sifili, a 2150 ya fara ƙirga ɗai-ɗai, a 2200 kuwa lambar gudu take kamar mita. Ka ga ke nan 2150 ɗin da mai haƙar ya bar shi a kai ma a bakin rami yake. Na tsaya a 2100. Jimilla dai na samu ƙarin fps wajen huɗu a Heaven, na ji daɗi na ajiye a Profile 1.

To a nan ne ƙiftawa ta shigo. Kuma abin haushin ba a cikin gem ba, a gem komai sumul. Sai ina zaune ina gungura Facebook, ko na buɗe bidiyo a YouTube, ko na ja taga daga wannan gefe zuwa wancan, sai wani siririn layi ya gilma a kwance wajen saman sikirin, fat, kafin ka ce me ya wuce. Wani lokacin sau uku a minti, wani lokacin a yi rabin awa babu. Ƙanena yace "Yaya wallahi ka ƙona katin nan." Wani abokina da na tura wa a WhatsApp yace wuta ce, a sa sitabilaiza. Mu dai a garin nan komai ya samu na'ura wuta ce, ko rimot ya ƙi aiki sai an ce lo karan ne. Ba wai ƙarya bane gaba ɗaya, amma kwamfutar tana kan inbata, kuma layin yana zuwa ko da wutar gari ko babu.

Da na natsu ina lura sai na gane abin da muke ta kira ƙiftawa ba abu ɗaya bane, kala uku ne suka haɗu min, biyu ma tun da suna nan ban dai damu da su ba sai da na ukun ya sa na zuba ido. Kowanne da lokacin zuwanshi, kuma lokacin ne yake tona asirin inda ya fito.

Akwai wanda sikirin yake ɗaukewa gaba ɗaya ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku ya dawo, har monita ta nuna HDMI a kusurwa kamar yanzu aka jona ta. Wannan sai firij ɗin falo ya tashi, ko an juya cenjoba daga wutar gari zuwa janareta, ko wani ya kashe fankar sama. Ba ruwan kati da wannan, kebul ne. Siririyar HDMI ce irin wadda ake bayarwa kyauta a kwalin dikoda, ba ta da wata kariya a ciki, gidan kuma atin ɗinshi sai addu'a, in ka taɓa bayan kes ba takalmi kana jin ɗan tsirr. Na sayo DisplayPort mai kauri gajera, na raba hanyarta da wayoyin wuta da suka cukurkuɗe a bayan tebur, aka kira mai wayarin ya gyara atin na soket ɗin ɗakin, wannan ya tafi. Ƙaramar monitata ta biyu tsohuwa ce mai VGA kawai, shi kuma RX 580 ba ya fitar da siginar VGA sam, DVI ɗinshi ma DVI-D ce, dole sai da kwanbata, to ita har yanzu takan ɗauke jefi-jefi amma na san laifin 'yar kwanbatar ne na ƙyale ta.

Na biyun hasken sikirin ne yake ɗan hawa da sauka kamar numfashi, an fi ganin shi a wuri mai duhu, lokacin lodin ɗin gem ko cikin menu. Wannan FreeSync ne, tsarin da yake sa monita ta riƙa bin fps ɗin da kati yake bayarwa. Babbar monitata 75Hz ce, FreeSync ɗinta yana aiki daga 48 zuwa 75, fanel ɗin kuma VA, su kuma VA haskensu yana ɗan canzawa in saurin sabunta hoto ya canza, to a lodin fps tana tsalle daga 75 zuwa 30 ta dawo, monita tana binta, ido yana gani. Na sa RivaTuner ta ɗaure fps a 72, na rage inuwa da ciyawa a GTA yadda ba za ta faɗo ƙasa da 48 ba, ya ragu sosai. A lodin har yanzu yana ɗan yi, bai dame ni ba.

Na ukun, siririn layin nan, shi ya ci min lokaci. Na fara da abin da kowa yake farawa da shi, wanke direba. Na sauke DDU, manhajar goge direba, da sabuwar direba na ajiye, na cire intanet don kar Windows ta riga ni saka tata, na shiga Safe Mode na goge tas na saka sabuwa. Ba saitin Afterburner layin bai zo ba, ina danna Profile 1 na buɗe burauza sai ga shi. Na gwada maganar da ake ta yaɗawa ta kashe MPO, wani tsarin Windows na haɗa hoton tagogi, wato ka shiga rajistiri wajen Dwm ka ƙirƙiri OverlayTestMode ka ba shi 5, akwai waɗanda ya yi wa magani da gaske musamman masu ganin baƙin murabba'i a burauza, ni bai canza min komai ba na goge shi. Na kashe hardware acceleration a Chrome, layin ya ragu amma bai tafi ba, kuma bidiyo ya koma kan furosesa tana ta zafi. Na ajiye wannan a raina dai, me ya sa rage wa katin aiki zai rage layin.

Abin da ya buɗe min ido wani abu ne daban. In wuta ta daɗe bata zo ba nakan zare ƙaramar monita don batirin inbata ya kai ni dare. Sai na lura in monita biyu suna jone layin ba ya zuwa kwata-kwata, ko sau ɗaya, amma ina zare ƙaramar zai dawo. Da farko abin ya min kamar an juya shi, ai kamata ya yi biyu su fi wahalar da kati. Na buɗe shafin Sensors na GPU-Z na ajiye shi a gefe yadda yana saman kowace taga, na sa ido a layin Memory Clock. Da monita biyu jan layin a miƙe yake, 2100 ba motsi, ko ba abin da nake yi. Da monita ɗaya kuwa sai ya kwanta a 300, ina taɓa gungura ya yi tsalle 1000, bidiyo ya fara ya haura 2100, ya faɗo, ya sake hawa. Na jingina waya da kofi na kunna silo moshan ta ɗauki sikirin da giraf ɗin tare, na yi ta gungurawa. Da na kalli bidiyon a hankali ba wata tantama, duk inda layin ya gilma, a sabuntawar giraf ta gaba za ka ga memori ta canza mataki. In tana zaune a mataki ɗaya, ko 300 ko 2100, sikirin tsaf.

Ga yadda abin yake. Hoton da kake gani a cikin memorin katin yake, daga nan ake karanto shi layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa ana tura wa monita. In memori za ta canza gudu dole ta ɗan dakata ta sake daidaita kanta, a wannan ɗan lokacin ba a iya karanta komai daga cikinta. Saboda haka direba take jiran ɗan hutun da ke tsakanin ƙarshen hoto ɗaya da farkon na gaba, a nan ake yin canjin a ɓoye. In canjin ya gama kafin hutun ya ƙare ba ka ganin komai. In ya ɗan zarce, layukan farko na sabon hoton za su fito a lalace, shi ya sa nawa kullum a sama yake gilmawa. Da monita biyu masu sauri daban, 75 da 60, hutunsu ba ya haɗuwa a lokaci ɗaya, sai direba ta haƙura da canjin gaba ɗaya ta bar memori a sama, shi ya sa babu layi. Kashe acceleration ɗin burauza ma abin da ya yi ke nan, ya rage yawan tsallen ne kawai.

Kuma hutun nan ana iya lissafa shi. A 1080p na 60Hz da aka saba, layukan hoto 1080 ne amma jimillar layukan da ake turawa 1125, wato 45 na hutu ne, ya kama wajen maikrosakan 667. Da na buɗe CRU, wata ƙaramar manhaja da take nuna lissafin da monita ta ba katin, sai na ga a 75Hz jimillar 1119 ce, hutu layi 39 kacal kuma kowane layi ya fi gajarta, duka-duka wajen 465. An matse shi ne don 75Hz ta samu shiga. A 2000 da bayos ta sani canjin yana shiga cikin wannan ɗan wurin da ƙyar, da na kai ta 2100 sai ya daina isa, haka dai na fahimci nawa. Gwajin tabbatarwa mai sauƙi ne, na mayar da monita 60Hz na bar memori a 2100, na yi ta gungura har hannu ya gaji, babu layi. Na mayar 75, ya dawo.

Hanyoyin fita uku na gani. Ko in zauna a 60Hz, wanda bayan ido ya saba da 75 gaskiya ba na so. Ko in kulle memori a sama dindindin, akwai OverdriveNTool da take bari ka kashe ƙananan matakan, layin zai tafi tabbas, amma GPU-Z ta nuna min katin a zaune ba aiki yana cin wajen wat 30 maimakon 10 da 'yan kai, kuma zafin zama ya ƙaru fanka ta riƙa tashi. Wanda yake da wuta awa ashirin da huɗu ba zai ji komai ba, ni da nake lissafin batiri wat ashirin na banza tun safe har dare ba ƙaramin abu bane. Ta ukun ita ce in faɗaɗa hutun da kaina. A CRU na buɗe layin 75Hz ɗin na shiga Edit, na ƙara Back porch na tsaye har jimillar ta kai 1150, Pixel clock ya tashi daga 174.5 zuwa wajen 179.4 MHz, hutun ya haura 800. Sai ka danna restart64 da ke cikin folda ɗin, sikirin zai ɗauke ya dawo. Nan ne gaba yake ɗan faɗuwa, don in monita bata karɓi lissafin ba baƙi za ka gani, amma an tanadi F8 na dawowa, akwai kuma reset-all da yake share komai, kuma na bar ƙaramar monita a jone saboda tsaro. Tawa ta karɓa. Na zare ƙaramar, giraf yana ta tsallenshi 300, 1000, 2100, saman sikirin shiru.

Da wannan ya kwanta sai na koma kan ƙwaƙwalwa, don 1410 ɗin nan bai min ba. Fps biyu ko uku yake ƙarawa amma cin wuta ya haura, zafi 80, in ina eksifot da rana UPS ɗin cikin inbata har ƙara take canzawa. Sai na juya akalar, maimakon ƙara gudu na rage boltej. A saitin Afterburner ka fara buɗe Unlock voltage control, sai silaidar Core Voltage ta kunnu. Katin yana shan wajen 1150 mV a matakin ƙarshe. Na mayar da gudu 1366 na riƙa ragewa 12 ko 25 ina gwadawa, a -100 Heaven ta wuce amma GTA ta fita da kanta bayan wani lokaci, a -75 komai ya zauna, gem da eksifot mai tsawo duka. Nan zafi ya sauko 68 zuwa 70 da rana tsaka, cin wutar ƙwaƙwalwa ya ragu da wajen wat 25 a GPU-Z, fanka ta koma yadda za ka iya waya a ɗakin. A ganina ga mai irin wannan katin a Kaduna wannan ya fi obakulok, wato ƙara gudu, amfani nesa ba kusa ba. Kuma Heaven kaɗai bata isa shaida ba, manhajar gwaji ta FurMark ma da ake ta zugawa zafi kawai take tarawa, aikin da kake yi kullum shi zai faɗa maka gaskiya, ni bidiyon kamu mai tsawon awa ɗaya da rabi na ba shi ya tauna.

Wani abu da ya kamata mai zama inda ake ɗauke wuta ya sani, manhajar AMD ɗin kanta tana da wajen saitin gudu da boltej, kuma yana aiki da kyau, amma in kwamfuta ta mutu ba zato sai ta ɗauka saitin ne ya kayar da ita ta mayar da komai yadda ya zo, tsaro ne aka yi da gangan. Mu da batiri yakan ƙare ana tsakiyar aiki, za ka yi ta mayarwa. Shi ya sa na bar nata a Default na riƙe Afterburner ita kaɗai, don in ka sa biyun suna ba katin umarni ba za ka san na wa ya bi ba. Sai da saitin ya kwana biyu bai ba ni matsala ba sannan na kunna Startup.

Yanzu Profile 1 shi ne 1366 da -75 mV, memori 2100, Power Limit +20, fanka na ja mata layi ta kai kashi 60 a digiri 70. Profile 2 na 1410 yana nan na bar wa lokacin hunturu in gani ko zai yi ma'ana. Saitin CRU yana bin monita da ramin da aka jona ta, ranar da na canza ta zuwa ɗaya DisplayPort ɗin layin ya dawo sai da na sake sakawa, don haka na yi Export ɗinshi na haɗa da kwafin bayos a filashi ɗaya. Ɓangaren bayos na masu haƙa ban sake komawa kanshi ba, dattijon yace in kawo a mayar mishi da na asali da AMDVBFlash in na samu sarari, tare da fankar hagu da ta fara ɗan karkarwa in ta haura kashi 70.